Jan Bargon Gidan Lid

An haifi Arnfinn Kolbein Lid ranar tara ga watan Fabrairu na shekarar 1931, a gidan gona na Lid, can saman gangaren da ke fuskantar dutsen Svarthorn, a kwarinmu na Tverrdal. Ungozoma ba ta samu hawowa ba domin dusar ƙanƙara ta toshe hanya, sai kakarsa ce ta yanke masa cibiya. Shi da kansa yakan ce dusa ta riga kowa zuwa yi masa barka, kuma tun daga ranar jininsu bai haɗu ba.

Bai gaji wata dukiya ba sai tumaki da gona mai duwatsu, da wani aiki da babu mai biya. A gindin Svarthorn akwai gidaje uku da ake kira Nes. Ƙasarsu ta fi ta kowa albarka, shi ya sa ba su taɓa tashi ba, ko da yake a kan hanyar fonna suke zaune. Fonna ita ce dusar da takan taru a kafaɗar dutse, ta ɓalle, ta gangaro gaba ɗaya, kuma iskar da ke gabanta kaɗai ta isa ta ɗauke rufin gida. Takan daɗe ba ta sauko ba, har a haifi yaro ya yi gemu bai gan ta ba, sannan wata safiya ta tuna da mutane.

Can sama, a kan wani dandamali gefen inda dusar ke taruwa, akwai baƙin dutse a tsaye, tsawonsa ya kai na mutum biyu. Tsohuwa muke kiran wannan dutse. Tun kaka da kakanni aka san cewa idan Tsohuwa ta yi lulluɓi, wato dusa ta rufe mata kai, to mutanen Nes su bar gida. Daga tagar kicin ɗin Lid kaɗai ake hango ta, saboda wani ƙugun dutse ya kare ta daga sauran kwarin. Don haka maigidan Lid ne ke duba ta kowace safiya ta hunturu. Idan ya ga ta rufe, sai ya rataya jan bargo a bangon rumbun ciyawarsa, mutanen Nes su kwashi yara da tsofaffi su haye gada zuwa makaranta, su kwana a ƙasa har Tsohuwa ta sake buɗe fuska.

Arnfinn yana da shekara goma mahaifinsa ya kwanta zazzaɓi, hazo kuma ya rufe dutsen, aka makara wajen rataya bargo. Fonna ta ɗauke gidan tsakiya na Nes. Aka raba wa duk mai ƙarfi doguwar sanda, aka jeru ana caka ta cikin dusa ana neman mutane. Sandar Arnfinn ce ta taɓa wani abu mai laushi. Da aka haƙa, sai ga matar gidan zaune a kujerarta, safar da take saƙawa tana hannunta, bakinta cike da dusa. Bai taɓa ba ni wannan labari ba; matarsa Borghild ce ta ba ni. Abin da na gani da idona shi ne, mutumin nan ba ya juya wa Svarthorn baya, ko da rani.

Na zo kwarin a matsayin malamin makaranta a 1962, kuma ban bar shi ba. Zan iya cewa ban taɓa zama da mutanen da suka kai namu son gardamar yanayi ba. Da zarar an gama tara ingirici, sai bencin kantin Magnhild ya zama majalisa. Wani ya ce ɓeraye sun shigo gida da wuri, hunturu zai yi tsanani. Wani ya ce zanzaro ya yi sheƙa a sama, dusa za ta yi zurfi. Idan na kawo abin da rediyo ya faɗa, sai su tambaye ni ko mutumin cikin rediyon ya taɓa kwana a Tverrdal. Amma sarkin majalisar shi ne Halvdan Nes, maigidan babban gida na Nes, sa'an Arnfinn kuma abokin tsokanarsa tun suna yara. Shi da itacen rogn yake aiki, wannan mai jajayen 'ya'ya da ke ƙofar kowane gida.

"Ku je ku dubi rogn ɗin ƙofar coci," in ji shi. "Itacen nan ba ya ɗaukar kaya biyu a shekara ɗaya. In ya ɗauki 'ya'ya, ba zai ɗauki dusa ba."

"A garinmu akasin haka ake faɗa," in ji Magnhild, wadda aure ya kawo ta daga cikin ƙasa. "Yawan 'ya'ya guzuri ne aka tanadar wa tsuntsaye, don hunturu zai yi tsawo."

"Garinku? Haba Magnhild, mutanen garinku ai da baya suke shiga jirgin ruwa."

"Ka biya kofin da ka sha tukuna, sannan ka zagi garinmu."

Arnfinn yakan zauna a ƙarshen benci da hularsa a gwiwa, bai cika tanka musu ba. Idan aka matsa masa, sai ya ce shi bai san abin da zai faru a Janairu ba, abin da ya gani da safe kaɗai ya sani.

Wajen tsakiyar shekarun 1970 ne abu ya fara canzawa. Jan bargo, wanda a da sai a yi hunturu biyu ba a gan shi ba, ya koma fitowa sau da yawa a hunturu guda. Mutanen Nes su kwaso katifu su cika mini aji, maza su riƙa komawa da safe a guje suna ba tumaki ciyawa, fonna kuma ba ta zo ba. Tun ana haƙuri har aka fara gunaguni. Yara suka laƙaba masa suna Baba Bargo. A kanti kuwa ba a raga masa ba.

"Arnfinn, Tsohuwar nan taka ta ranƙwafa ne?" in ji Halvdan. "A zamanin ubanka sai dusa ta shafe katangar maƙabarta kafin ta yi lulluɓi. Yanzu ko atishawa gajimare ya yi, sai ta ja mayafi."

"Tsufa ne," in ji Arnfinn. "Kai ma ai ka rage tsawo."

Akwai wata ɗabi'a kuma da ya ɗauka a lokacin. Kowane watan Satumba sai ya ɗauki jaka ya hau Svarthorn shi kaɗai, wai neman tunkiyar da ta ɓata, alhali kowa ya san tumakin Lid a wancan ɓangaren kwarin suke kiwo. Halvdan ya ce tunkiyar nan ta fi kowa sa'a, shekara da shekaru ana nemanta ba a yanka ta ba. Aka yi dariya, aka bar maganar.

Ana cikin haka 'yarsa tilo, Solfrid, ta auri Jostein ɗan Halvdan, ta tare a babban gidan Nes. Ranar bikin na ga Arnfinn a tsakar gidan, kowa na rawa, shi kuwa ya ɗaga kai yana auna dutsen da ido. Daga wannan shekara ya daina cin abincin safe sai ya duba Tsohuwa. Na ce tsoro ne ke damunsa, ban ce ragwanta ba, kuma kalmomin biyu ba ɗaya ba ne.

A kakar 1982 rogn ya yi 'ya'yan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, rassa har suna taɓa ƙasa. Halvdan ya yi shela cewa bana ko shebur ba zai fito da shi ba. Disamba ya wuce da ruwan sama, Janairu ya zo da sanyi mai ƙona fuska amma ba dusa, gangaren dutse ya daskare ya yi santsi kamar gilashi. Halvdan na yawo yana karɓar gaisuwa kamar shi ya hana ta zuwa. A lokacin Solfrid tana goyon jaririya.

A farkon Fabrairu iska ta juyo daga arewa maso yamma, dusa ta kama sauka ba tsayawa. Rediyo ya gargaɗi dukan masu zama a gindin duwatsu a gaɓar teku, amma irin wannan gargaɗi mun saba jinsa. Safiyar Alhamis sama ta ɗan washe. Na leƙa ta tagar aji, na hango jan bargo a Lid. Na share ɗakin, na hura murhu, na jira. Gidaje biyu na Nes suka iso da kayansu. Na Halvdan shiru.

Ina tsaye a ƙofa sai ga Arnfinn ya gangaro, dusa har cinyarsa, ba hula. Ya ce, "Malam, raka ni." Tun da na san shi bai taɓa haye gadar nan zuwa Nes da hunturu ba. Muka haye. Babu iska, babu kukan tsuntsu, ko ƙarar rafin ba a ji, dusa ta danne shi. Yana tafiya yana kallon sama, leɓunansa na motsi. Sau ɗaya muka ji wani sauti daga ƙarƙashin ƙafafunmu, kamar an sauke buhun hatsi a ɗaki na kusa. Ya tsaya cik, ya kama hannuna.

Muka tarar da Halvdan a kicin yana shan kofi, ƙafafunsa a kan kujera. Solfrid na tsaye da jaririya a kafaɗa, ta riga ta sa mata rigar sanyi. Jostein yana bakin ƙofa, yana kallon ubansa yana kallon matarsa.

"A'a, Baba Bargo da kansa!" in ji Halvdan. "Yau za a yi rana. Solfrid, zuba wa babanki kofi."

"Ba kofi ya kawo ni ba. Ta rufe, Halvdan."

"Ba ta rufe ba. Na leƙa da safe, katangar maƙabarta tana nan a waje, har ina ƙirga duwatsunta. Dusar da ba ta shafe katanga ba, ita ce za ta shafe dutse mai tsawon mutum biyu? Ko dai idonka ya mutu, ko kuma tsoro ke yi maka gizo."

"Iska ta kwashe ta ƙasa ta kai sama."

"Haka ka ce bara. Haka ka ce bara waccan. Na gaji da kwana a ƙarƙashin taswirar Malam ina shaƙar alli. Tumakina na da ciki, ba zan bar su ba."

"Baba," in ji Solfrid, da surukinta take, "ko don yarinyar nan."

"Yarinya a gidan kakanta take. Wa ya hana ki tafiya? Amma ki sani gobe duk kwarin zai yi mana dariya."

Jostein bai motsa ba, kuma na san Solfrid ba za ta fita ta bar mijinta ba. Arnfinn ma ya sani. Can sama wani abu ya yi ƙara kaɗan, kofuna suka motsa a kan kanta.

"To ji nan, suruki," in ji Arnfinn, muryarsa ƙasa ƙasa. "Zo mu hau Lid, ka duba da idonka. In ka ga ko da ƙeyarta ce, ni da kaina zan ƙona bargon a gabanka, kuma ba zan sake rataya wani ba har in mutu. Malam shaida ne. Amma kafin nan Jostein ya kai su makaranta."

Halvdan ya sauke ƙafafunsa. Ya daɗe yana son a ba shi madubin hangen nesan da ake duba Tsohuwa da shi a Lid ya duba da kansa, Arnfinn kuwa ba ya barin kowa ya taɓa shi.

"Malam, ka ji da kunnenka? Zai ƙona." Ya juya ga ɗansa. "Tayar da tarakta, kai su. Ka bar ƙofa a buɗe, da azahar muna gida."

Muka bar Jostein yana fama da tarakta, sanyi ya hana ta tashi. Arnfinn ya so ya tsaya, Solfrid ta ce, "Je ka, Baba, in ta ƙi, da ƙafa za mu taho." Muka haye gada mu uku, muka kama hawan Lid. Tun daga rabin hanya itatuwa suka kare mana Nes, ba mu san ko sun fita ba.

Borghild ta buɗe mana ƙofa. Halvdan bai ko karkaɗe takalmansa ba, ya wuce taga ya ɗauki madubin. Ya duba, ya goge gilashin da hannun riga, ya sake dubawa. Inda Tsohuwa take babu komai sai fari.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Ba ta kai ba. Na rantse ba ta kai ba."

Yana rufe baki na ga wani siririn layi ya tsaga kafaɗar Svarthorn daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an ja wuƙa a kan farin ƙyalle. Babu ƙara da farko. Duk abin da ke ƙasan layin ya fara tafiya a hankali, sannan ya tashi sama ya zama gajimare, gajimaren ya gangaro da gudun da ban san akwai irinsa ba. Sai ƙarar ta iso. Tagar ta girgiza, hoton da ke bango ya faɗi. Muka ga gajimaren ya haɗiye gidajen Nes, ya haɗiye gada, ya hau gangarenmu har ƙurarsa ta rufe gilashin, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka.

Borghild ta ɗaga wayar tarho, ta mutu. Halvdan yana ta kiran sunan ɗansa a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Arnfinn ya je bayan ƙofa ya ɗauko doguwar sandar caka, wadda na tabbata ita ce ta shekara arba'in da suka wuce, ya fita. Muka bi shi.

Al'adarmu ce idan duk mutanen Nes suka iso makaranta, a kaɗa ƙararrawa. Muna gangarawa muna kasa kunne, babu abin da muke ji sai numfashinmu. Halvdan ya faɗi sau biyu, Arnfinn ya ɗaga shi. Da muka fito daga cikin itatuwa, Nes babu ita. Wani farin tudu ne kawai, ga guntun katako da reshen rogn sun leƙo, jajayen 'ya'yan sun warwatse a kan dusa. Arnfinn ya tsaya yana kallon jan nan, ya kasa ɗaga ƙafa.

A nan ƙararrawa ta kaɗa. Ba yadda ake kaɗa ta ba, sai da gaggawa, ba tsari, kamar mai kaɗawar na kuka. Solfrid ce. Tarakta ta ƙi tashi, sun taho da ƙafa, ta shiga makaranta da jaririya ke nan abin ya sauko. Jostein, wanda ya juya zai koma ya kwance kare, iskar ta ɗauke shi daga bakin gada ta jefa cikin rafi, maƙwabta suka jawo shi da karyayyen hannu, kuma kunnensa na hagu bai sake ji ba. Tumakin Halvdan babu wadda ta tsira.

Daga ranar babu wanda ya sake cewa Baba Bargo. Amma Arnfinn bai sami sauƙi ba, kuma idan aka yabe shi a kanti sai ya ɗauki hularsa ya fita. An sake gina gidajen Nes a wancan gefen rafi, hukuma ta tara ƙaton bangon ƙasa a gindin dutsen, bargo ya daina amfani. Duk da haka kowace safiya ta hunturu yana taga, kuma kowane Satumba yana hawa neman tunkiyarsa, har gwiwoyinsa suka ƙi. Halvdan kuwa har ya mutu yana juya maganar. Yakan ce mini, "Malam, ya cece mu, ban musa ba. Amma katangar maƙabarta na waje. Dusar ranar ba ta isa ta rufe Tsohuwa ba."

Arnfinn ya rasu a watan Mayu na 2009, a kan gadonsa, lokacin da dusa ta janye zuwa ƙololuwa. Da rani Jostein da 'yarsa, wadda ita ce jaririyar ranar, suka hau Svarthorn don su ga Tsohuwa kusa da kusa, abin da babu wanda ya damu ya yi a tsawon rayuwata a nan. Da suka sauko, kai tsaye gidana suka zo, Jostein ya zauna bai cire jakarsa ba.

Sun sami Tsohuwa a cikin kwazazzabo, can ƙasa da dandamalin, a kwance, ta rabe biyu, itace mai kaurin cinya ya tsiro ta cikin tsagar. Ta fi shekara talatin da faɗuwa. Ina jin Arnfinn ya ɓoye ne don tsoron idan aka san ta faɗi, mutanen Nes za su daina tashi don bargo, amma wannan zatona ne kawai. A inda take tsaye a da, duwatsu ne aka jera ɗaya kan ɗaya, aka ɗaure da wayar shinge, aka shafe da baƙin kwalta, an kafe su da turken ƙarfe mai tambarin gidan Lid. Ashe tunkiyar da Arnfinn ke hawa nema kowane Satumba ke nan. Jostein ya tsaya kusa da su ya gwada. Iyakar ƙirjinsa suka kai.